Robin Vos na Wisconsin: kakakin da ya gagari gwamna, ya kuma tsallake tarkon Trump

Baban Walida:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da ake ta ka-ce-na-ce a nan kan yadda majalisun jihohinmu suka zama 'yan amshin gwamnoni, Alhaji ya ce ai ko'ina haka ne, ko a Amurka gwamna ne mai wuƙa da nama a jiharsa. Ina bakin aiki lokacin, shi ya sa ban tanka ba. To ga amsata.

A Wisconsin, jihar da nake zaune, akwai wani mutum mai suna Robin Vos, ɗan jam'iyyar Republican, mai ra'ayin riƙau. Ya shiga majalisar wakilan jiha a zaɓen 2004, ya hau kujerar kakaki a Janairun 2013, kuma a tarihin jihar ba a yi wanda ya kai shi daɗewa a kanta ba. Mazaɓarsa ƙauyuka ne da ƙananan garuruwa a yankin Racine, kudu da Milwaukee. Abin da yake ci da shi kafin siyasa, kamfanin gugguru ne da gidajen haya. Ba a taɓa zaɓarsa da ƙuri'ar jiha baki ɗaya ba. Amma tun da Tony Evers na Democrat ya zama gwamna a 2019, ko dala ɗaya yake so ta shiga kasafi sai ya bi ta ƙofar mutumin nan. Gwamna yana da ikon kiran zama na musamman, kuma ya sha kira: kan dokar bindiga a 2019, kan gyaran aikin 'yan sanda a 2020 bayan rikicin Kenosha, kan dokar zubar da ciki a 2022. Duk lokacin sai a buɗe zaman, a buga guduma, a rufe. Ba ya kai minti guda. Ku nuna min kakakin da zai yi wa gwamna haka a gida ya kwana a kujerarsa.

Alhaji Na-Kwari:
Wa alaikumus salam. To Baban Walida, na ji, kuma wallahi mutumin ya burge ni. Wannan shi ne namiji. Ai amfanin majalisa ke nan, ta zama birki. Kuma ɗan kasuwa ne, ya san zafin kuɗi, ba zai bari a yi ta facaka da harajin jama'a ba.

Maman Sadiq:
Alhaji, da girmanka, kada ka yi saurin yabo. Ni a Madison nake, nan majalisar take. Baban Walida ya ba ku rabin labari. Ku tambaye shi daga ina ƙarfin ya fito.

A 2018 'yan Democrat sun lashe duk manyan kujerun da jiha ta zaɓa baki ɗaya: gwamna, babban lauyan jiha, sanata, ma'aji, duka. Ko a zaɓen majalisar wakilan ma, in ka tara ƙuri'un, su suka fi yawa. Amma kujeru 99 ne, Republican suka kwashe 63. Yaya aka yi? Taswira. A 2011, bayan ƙidayar jama'a, su ne ke da gwamna da majalisu biyun, sai suka shata iyakokin mazaɓu da kansu. Ba ma a harabar majalisa aka yi aikin ba, a ofishin wasu lauyoyi ne, kuma 'yan majalisarsu sai da suka sa hannu kan takardar riƙe sirri kafin a nuna wa kowa mazaɓarsa. An cusa 'yan adawa a tsirarun mazaɓu inda za su ci da kashi 80 a banza, sauran kuma an yayyanka su an watsa. Wannan ba birki ba ne Alhaji, ɗan takara ne ya zauna ya zaɓi waɗanda za su zaɓe shi.

Auta:
Kai! Ashe magudin masu boko daban ne. Ba sara-suka, ba sace akwati, biro kawai da kwamfuta.

Baban Walida:
Maman Sadiq, ban ɓoye ba, ina tafe ne. Amma ki yi adalci, a 2011 Vos bai zama kakaki ba tukuna. Kuma ko ba taswira, 'yan Democrat sun cunkushe kansu a birane biyu, Milwaukee da Madison, ƙauye kuwa ya juya musu baya. Ko mala'ika ne ya zana, Republican za su ɗan fi.

Maman Sadiq:
Za su ɗan fi, na yarda. Ɗan fi daban, 63 da 36 daban. Kuma bai zama kakaki ba, amma shi ne ɗaya daga cikin shugabanni biyu na kwamitin kuɗi na haɗin gwiwa, kwamitin da ya fi kowanne ƙarfi a majalisar. Ba baƙo ba ne a ɗakin. Maganar biranen nan ma, shi da bakinsa ya faɗa bayan zaɓen 2018, wai in ka cire Madison da Milwaukee daga lissafi, su ke da rinjaye a fili. To mu da ke cikinsu ba 'yan jiha ba ne? Milwaukee ce fa ta tara mafi yawan baƙaƙen fatar jihar. Kowa ya gane inda maganar ta dosa.

Lauya Bazazzagi:
Bari in ɗan sa baki ta fuskar doka, don na ga Auta ya kira shi magudi. A wurinmu, tsarin mulki ya ba hukumar zaɓe ikon shata mazaɓu, ba 'yan majalisa ba. A yawancin jihohin Amurka kuwa majalisar jiha ce ke yi duk bayan shekara goma, kamar kowace doka, gwamna ya sa hannu. Saboda haka abin da suka yi a 2011 bai fita daga ikonsu ba, kuma inda Democrat ke da rinjaye, kamar Illinois maƙwabciyarsu, su ma suna yin nasu. An kai ƙarar taswirar Wisconsin ɗin har Kotun Ƙolin Amurka, a 2018 ta mayar da ita ƙasa ba tare da ta taɓa gundarin maganar ba. A 2019 kuma, a wata shari'ar daban, ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga rigimar son kai na jam'iyya a shata mazaɓu. Wato ƙofa ɗaya ta rage, kotun ƙolin jiha. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Abin da ni ya fi ɗaukar hankalina shi ne Disambar 2018. Evers ya kayar da gwamna mai ci, Scott Walker na Republican, da ƙuri'a wajen dubu 29. Kafin a rantsar da shi, majalisa ta zauna cikin gaggawa, har aka kwana ana yi, ta rage ikon gwamna da na babban lauyan jiha mai shigowa. Misali, sabon gwamna ya yi alkawarin fitar da jihar daga ƙarar da take yi kan dokar lafiyar Obama, sai aka ce ba zai iya ba sai da yardar majalisa. Babban lauya ma ba zai sasanta wasu shari'o'i ba sai kwamitin kuɗi ya amince. Walker ya sa hannu yana kan hanyar fita. Ikon da suka bar wa nasu shekara takwas, ranar da wani ya ci sai ya zama ya yi yawa.

Alhaji Na-Kwari:
Barista, ka ce dai bai saɓa doka ba ko?

Lauya Bazazzagi:
Kotun jiha ta bar mafi yawansa a lokacin. Amma Alhaji, kai ɗan kasuwa ne. Ka sayi shago, an shaida, an biya, daren da za a ba ka makulli sai mai shi ya cire kanta da ƙofar baya, ya ce ai har gobe da safe nasa ne. Za ka ƙara ciniki da shi?

Tsohon Ɗan PRP:
Yara, ku da kuke cewa ba a taɓa yi a gida ba, an yi. Mu mun gani da idonmu a tsohuwar jihar Kaduna. A 1979 talakawa suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, majalisa kuma NPN ce ke da rinjaye. Ya aika sunayen kwamishinoni suka ƙi, ya sake aikawa suka ƙi. Haka ya yi mulki babu kwamishina har suka tsige shi a Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Tsarin shugaban ƙasa da muka ɗauka a 1979 ai daga Amurkan muka kwaso shi, da kyansa da cutarsa. Wannan majalisar ba 'yar amshin gwamna ba ce, tabbas. Amma ku tambayi duk wanda ya rayu a lokacin ko talaka ya ci ribar ƙarfinta. Majalisa mai ƙarfi, ƙarfin wa take ɗauke da shi? Nan ne maganar.

Baban Walida:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai akwai bambanci. Vos bai tsige Evers ba, kuma ba kullum ake faɗa ba. A 2023 sun zauna sun daidaita kan kason kuɗin da jiha ke ba ƙananan hukumomi, har aka ba Milwaukee damar sa harajin saye na kashi 2, birnin da ya kusa durƙushewa saboda bashin fansho. Sun kuma daidaita kan kuɗin gyaran filin wasan ƙungiyar Brewers don kada ta bar gari. Mutumin ɗan ciniki ne. Yana matse ka sai ka yi gumi, amma in ya ga riba zai sallama.

Kuma kada ku ɗauka gwamnan ba shi da nasa makamin. Gwamnan Wisconsin yana da wani irin ikon hawa kujerar na-ƙi da ba kowane gwamna ke da shi ba: a dokar kasafi yana iya goge kalmomi da lambobi ya bar sauran. A 2023 majalisa ta yarda a ƙara wa makarantu dala 325 kan kowane ɗalibi na shekarar karatu 2023-24 da 2024-25. Evers ya goge "20" ya goge ɗan layin tsakiya, sai ta koma har shekarar 2425. Shekara ɗari huɗu! Kotun ƙolin jiha ta tabbatar masa a 2025.

Auta:
Hahaha wallahi wannan gwamnan ma ɗan duniya ne. Ashe kowa da biron sa.

Maman Sadiq:
Ku yi dariya, amma ku tambayi malaman makaranta me ya sa aka kai ga haka. A 2011 aka yi dokar da ake kira Act 10, Vos na cikin waɗanda suka tura ta ta kwamitin kuɗi. Ta kwance wa ƙungiyoyin ƙwadagon ma'aikatan gwamnati zani a kasuwa: ba su da ikon tattauna komai sai ainihin albashi, shi ma ba zai wuce hauhawar farashi ba, kuma duk shekara sai ƙungiya ta sake neman ƙuri'ar mambobinta kafin a san da ita. An ware 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ba a taɓa su ba. Dubban mutane suka cika ginin majalisa makonni, wasu a nan suke kwana. Sanatocin Democrat 14 suka gudu Illinois don kada adadin zama ya cika. Duk da haka ta wuce. Maƙwabciyata tsohuwar malama ce, a shekarar ta ajiye aiki, ta ce gara ta tafi da mutuncinta.

Ga kuma inshorar lafiya ta marasa ƙarfi. Mafi yawan jihohi, har da na Republican da dama, sun karɓi faɗaɗawar da gwamnatin tarayya ke biyan kaso mafi tsoka. Vos ya ƙi, ya kafe. Ko tsawaita wa mai jego inshora zuwa shekara guda bayan haihuwa, da sanatocin jam'iyyarsa suka amince da shi, ya daɗe yana danne shi a majalisarsa.

Alhaji Na-Kwari:
Hajiya, to ai shi ra'ayinsa ke nan, kuma bai ɓoye ba. Gwamnati ta rage hannu, haraji ya sauka. An zaɓe shi a kan haka. Kuma na ji an ce jihar ta tara rarar kuɗi.

Maman Sadiq:
Ta tara, wajen dala biliyan 7 a 2023. Amma tunda ka kawo tsimi, ka tambaya game da Foxconn. A 2017 suka amince a ba kamfanin Taiwan ɗin nan tallafi har kusan dala biliyan 3, kan alkawarin ayyuka dubu 13, kuma a yankin Racine za a gina, ƙofar gidan Vos. An tashi mutane daga gidajensu, an shimfiɗa tituna da bututun ruwa. Trump ya zo aza harsashi. A 2021 da aka sake yarjejeniya, ayyukan sun koma ƙasa da 1,500. In mai jego ce, babu kuɗi. In kamfani ne, a buɗe baitulmali.

Baban Walida:
Jihar ba ta biya biliyan ukun ba, don an ɗaure kuɗin da yawan ayyukan da aka samar. Ƙananan hukumomin wurin ne suka fi shan wuya. Amma Foxconn kam ba abin da zan kare.

Ni abin da ban manta masa ba shi ne 7 ga Afrilun 2020. Korona ta shigo, kowa na tsoro. Gwamna ya nemi a ɗage zaɓe ana gobe, Vos da shugaban masu rinjaye na majalisar dattawan jiha suka garzaya kotu, ta ce a yi. A Milwaukee, rumfunan zaɓe kusan 180 suka koma 5 saboda ma'aikata sun ƙi fitowa. Na fita. Layi ya fito daga wata makarantar sakandare ya zagaye unguwa, kowa ya ba na gabansa tazara, wasu sun ɗaure ɗankwali a hanci don takunkumi ya yi wuya a lokacin. Wata tsohuwa a gabana ta zo da kujerar naɗi, in layi ya motsa ta ja ta gaba ta sake zama. Da na dawo gida sai ga hoton Vos a garinsu Burlington, ya sa takunkumi, ya sa safar hannu, ya sa rigar leda irin ta asibiti, yana gaya wa jama'a fita ba ta da haɗari ko kaɗan. Kuma duk da haka alƙalin da suke goyon baya a takarar kujerar kotun ƙolin jiha ya faɗi a zaɓen.

Auta:
To Yaya, kai kana gefen wa ne? Ɗazu kana yabo yanzu kana suka.

Baban Walida:
Ba yabonsa na zo yi ba, ƙanina. Cewa na yi kujerar tana da ƙarfi in mai ita ya san aikinsa. Amma akwai wuri guda da na cire masa hula.

Biden ya ci Wisconsin a 2020 da ƙuri'a dubu 20 da 'yan kai. Trump ya dage sai an ce an yi magudi. Ya matsa wa Vos lamba majalisa ta janye amincewa da sakamakon. Har a Yulin 2022, shekara ɗaya da rabi bayan an rantsar da Biden, yana buga masa waya kan maganar. Vos ya ce tsarin mulki bai ba da wannan hanya ba, ba zai yi ba. Trump ya kira shi ɗan Republican na bogi, ya ɗaga hannun wani sabon shiga, Adam Steen, ya zo jihar ya yi gangami 'yan kwanaki kafin zaɓen fidda gwani. Mutumin da ya shekara kusan ashirin a mazaɓarsa, da ƙuri'a wajen 260 ya sha. A 2024 kuma magoya bayan Trump sau biyu suna tara sa hannu don yi masa kiranye, hukumar zaɓe ta ce bai cika ba. Nawa ne a jam'iyyar suka ce wa Trump a'a suka rayu a siyasa?

Lauya Bazazzagi:
Baban Walida, ka tsallake tsakiyar labarin. Wa ya kunna wutar? A 2021 Vos ne da kansa ya ɗauko Michael Gableman, tsohon alƙalin kotun ƙolin jiha, ya ba shi ofis da kuɗin jama'a ya binciki zaɓen 2020, don ya lallashi Trump da mutanensa. Aka kashe fiye da dala miliyan ɗaya, ba a samo magudin da zai sauya sakamako ba. Gableman ɗin ne ya tsaya gaban majalisa a Maris 2022 ya ce a duba yiwuwar janye amincewa. Ƙarshe ma ya koma ya goyi bayan Steen, abokin hamayyar wanda ya ɗauke shi aiki. Yaushe Vos ya kore shi? Kwana uku bayan ya tsira a zaɓen fidda gwani, kuma sai a daren zaɓen ne ya ce mutumin abin kunya ne ga jiha. Fiye da shekara yana biyansa bai ga kunyar ba.

Ban hana shi ladan ƙin da ya yi ba. Amma abin da aka nema a wurinsa abu ne da ba shi da hanya a doka ko ya so. Kuma ku lura da wani abu: taswirar da ta ba shi ƙarfi ita ta kusa cinye shi. In ka zana mazaɓa yadda 'yan adawa ba za su taɓa ci ba, to babban zaɓe ya zama wasa, zaɓen fidda gwani ne na gaske, can kuma masu zafin kai ne ke fitowa.

Maman Sadiq:
Allah ya biya ka Barista. Ka ce za ka dawo kan kotun jiha.

Lauya Bazazzagi:
Yauwa. A can alƙalan kotun ƙoli zaɓensu ake yi, su bakwai. A Afrilun 2023 Janet Protasiewicz ta ci da tazarar kashi 11, rinjaye ya koma hannun masu sassaucin ra'ayi, huɗu da uku. A yaƙin neman zaɓe ta fito fili ta ce taswirar murɗaɗɗiya ce. Sai Vos ya ce in ba ta janye daga shari'ar ba zai duba tsige ta, tun ba ta yanke hukunci ko ɗaya ba. A gaskiya furucinta abin dubawa ne, alƙali bai kamata ya faɗi ra'ayinsa kan abin da zai zo gabansa ba. Amma tsigewa? Ya nemi shawarar tsofaffin alƙalai na ɓangarensa, aka ce masa kada ya soma, ya ja da baya. A Disamba kotu ta soke taswirar, kan dalilin cewa mazaɓu da yawa gutsi-gutsi ne ba a haɗe suke ba. A Fabrairun 2024 majalisar Vos ta amince da taswirar da gwamna Evers ya zana, don tana tsoron wadda kotu za ta zaɓa ta fi muni. A zaɓen Nuwamba suka sauko daga 64 zuwa 54, Democrat 45.

Alhaji Na-Kwari:
To kun gani! Ko da taswirar abokin gaba ya ci. Ashe jama'a na son sa.

Maman Sadiq:
Ya ci, ba a musa ba. Amma 54 ne ainihin girmansu Alhaji, ba 64 ba. A 2022 kujera biyu kacal ta rage su kai biyu bisa uku, su riƙa tsallake sa hannun gwamnan da jama'a suka sake zaɓa a ranar. Da 54, mutum biyar suka noƙe doka ta tsaya, dole a saurari wani.

Alhaji Na-Kwari:
Ni dai har yanzu, a ba ni shi a ba ni irin namu da gwamna ke aika wa takardar murabus su sa hannu, wallahi shi zan ɗauka.

Tsohon Ɗan PRP:
Alhaji, haka 'yan NPN suka ce a 1981. Ka bari sai ranar da gwamnan da ka yi wa layi a rana ne ke kan kujera, kakakin kuma na wasu, sannan ka dawo zauren nan ka maimaita mana.